Shin dole ne a bar wa weta, mai kai abinci tebur, tukuici a gidajen abinci na Akra?

"Assalamu alaikum. Ni 'yar kasuwa ce a Kumasi, atamfa nake sayarwa. Na zo Akra bikin kammala karatun 'yata a jami'ar Legon, da aka tashi sai na kai dangi wani gidan abinci a East Legon, mu goma sha ɗaya. Da aka kawo takardar kuɗi na ga an jera wasu kuɗaɗe a ƙasa bayan na abincin, har jimlar ta wuce abin da na lissafa. Na biya ta MoMo, wato ta waya, cif-cif, muka tashi. A mota 'yar tawa ta ce na ba ta kunya, wai ban bar wa yarinyar da ta yi mana hidima komai ba. Ni kuwa a unguwar Aboabo ta Kumasi mai waakye, wato shinkafa da wake, ce ma take yi mini gyara. Shin wajibi ne? Nawa ake bayarwa? Waɗancan kuɗaɗen na ƙasa ba nata ba ne?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a karatun yarinya, ya ba ta aikin da za ta riƙe ki da shi. Tambayarki kashi uku ce: ko akwai hakkin da kika danne, ko kuɗaɗen da aka jera a ƙasan takardar suna isa hannun yarinyar da ta yi muku hidima, sannan idan mutum ya yi niyyar bayarwa, nawa zai bayar kuma ta wace hanya. Zan amsa da abin da na gani a bakin aiki, domin a wannan sana'a na tashi. Da wankin kwanuka na fara, na koma kai abinci tebur, yanzu kuma ni ke kula da masu kai abincin a wani gida a nan Akra.

Ki kwantar da hankalinki tukuna, ba ki ci hakkin kowa ba. Babu dokar da ta ɗora wa mai cin abinci a Ghana ya ƙara ko sisi a kan abin da aka rubuta masa a takarda, kuma babu gidan da zai tare ki a ƙofa don ba ki ƙara ba. Kin ci, kin biya, ciniki ya ƙare. Sai dai ita ma 'yarki ba daga sama ta ɗauko maganar ba. A irin gidajen da ke East Legon, Osu, Labone, Cantonments da kewayen filin jirgi, ma'aikata sun saba da a bar musu wani abu, musamman idan tebur babba ne. Yarinyar da ta ɗauki odar mutum goma sha ɗaya, ta yi ta zirga-zirga da faranti da ruwa da ƙarin cokali, ta sa rai. Ba za ta ce uffan ba, don mun hana su tambaya, amma ta sa rai.

Yadda aka yi al'adar ta rabu biyu

Maganar gyara da kika kawo ita ce tushen ruɗanin, kuma ba ke kaɗai yake kamawa ba. A cinikin abincinmu na zango, ƙari daga mai sayarwa yake fitowa ya tafi wurin mai saye. Mai waakye a Aboabo ko Nima za ta ƙara miki taliya ko ɗan gari, mai koko ta jefa ƙosai ɗaya a kai, mai tsire ya yanko ɗanɗano kafin a yi ciniki. Dalili a fili yake: mai sayarwar ita ce mai jarin, ribar tukunyar tata ce, gyaran da take yi kuma saye ne na zuciyar mai saye don ya dawo gobe. Idan kika ba ta fiye da kuɗin abincinta za ta ɗauka kin yi kuskuren lissafi, ta aiko yaro ya biyo ki da canji. Haka abin yake a gidajen fufu da tuwon zafi da 'yan gari ke kira chop bar, daga Bantama ta Kumasi har Madina ta Akra. Ba a jiran komai, in ma mutum ya ce a riƙe canji, alheri ne ya yi.

A babban gidan abinci kuwa, wadda ta tsaya a kanki ba ita ce mai jarin ba. Ko kun ci na sidi ɗari ko na sidi dubu biyu, albashinta ɗaya ne a ƙarshen wata. Ba ta da ikon yi miki gyara, don kowane yankan kaza a ƙirge yake. Abin da take da shi kawai ƙafarta da fuskarta da haƙurinta. Shi ya sa ƙarin ya juya, ya koma fitowa daga mai ci zuwa mai kawowa. In kika duba da kyau ma, wannan ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Ranar Sallah idan maƙwabciya ta aiko yaro da kwanon tuwo, ba a sallamarsa hannu rabbana, ana ba shi tukuici, alhali kowa ya san ba shi ya dafa ba, ɗaukowa ya yi. Abin da ake ba weta ɗan'uwan wannan ne. Mutanen gari kuma suna da nasu, abin da suke kira dash, wanda ake ba wanda ya taimaka da kaya ko ya nuna hanya.

Abin da ya shigo daga waje shi ne lissafin kashi cikin ɗari da kuma jin cewa dole ne. Wannan daga Amurka ya fi ƙarfi, kuma yana da dalilinsa a can. Dokar tarayyarsu ta yarda mai gidan abinci ya biya ma'aikacin da ke samun tukuici dala 2.13 kacal a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, alhali mafi ƙarancin albashi na sauran ma'aikata dala 7.25 ne. Ana sa ran tukuicin ne zai cike giɓin, duk da cewa wasu jihohin sun tilasta biyan fiye da haka. Saboda haka Ba'amurke da ya tashi bai bar kashi 15 zuwa 20 ba, a wurinsu ya hana mutum ladan aikinsa ne. A Faransa kuɗin hidima yana cikin farashin tun farko, a Japan kuma ba a yi ma sam. Kowace ƙasa da tsarin da ya haifi al'adarta.

Akra ta daɗe tana da otal-otal da ofisoshin jakadanci da ma'aikatan ƙungiyoyin waje, su suka fara kawo abin. Amma ni a idona ya ƙaru sosai daga 2019, shekarar da gwamnatin Akufo-Addo ta gayyaci jikokin bayin da aka kwashe su dawo gida, cika shekara 400 da saukar da bayin farko a Virginia. Tun daga nan duk watan Disamba garin cika yake da baƙi daga Amurka da Ingila, masu barin kuɗi da lissafin ƙasarsu. Weta da ya ga an bar masa sidi ɗari biyu a tebur ɗaya cikin Disamba, da wuya idonsa ya koma yadda yake a watan Maris. 'Yarki a cikin wannan Akra ta yi karatu, da wannan ma'aunin ta auna ki. Ke kuma da ma'aunin Kumasi kika zo, inda ko a manyan gidajen Ahodwo da Nhyiaeso abin bai kai nan zafi ba.

Kuɗaɗen da ke ƙasan takarda

Nan ne mutane da yawa suke yin kuskure da kyakkyawar niyya. Suna ganin layuka huɗu ko biyar a ƙasa sai su ce ai an riga an cire na yaran. Mafi yawan waɗannan layukan haraji ne, na gwamnati ne, ko sisi ba ya shiga aljihun weta, kuma ba ya zama a aljihun mai gidan. Akwai VAT, harajin da ake ɗorawa a kan abin da aka saya, wanda aka ɗaga zuwa kashi 15 a farkon 2023. Akwai NHIL, kashi 2.5, na inshorar lafiya. Akwai GETFund, shi ma kashi 2.5, na asusun ilimi. Akwai kashi 1 na yawon buɗe ido, wanda ya samo asali daga dokar yawon buɗe ido ta 2011 kuma ake karɓa a otal da gidajen abinci masu rajista. An kuma yi shekaru ana ganin kashi 1 na korona da aka ɗora a 2021. A tsarin da aka bi daga 2023 zuwa 2025, sai an ɗora ƙananan harajin a kan kuɗin abinci sannan a lissafa VAT a kan jimlar, shi ya sa abincin sidi 1,000 yakan tashi kusan 1,230 ba tare da an ƙara ko kwalbar ruwa ba. Wasu gidajen suna cusa harajin cikin farashin da ke jikin menu, wasu kuma sai a ƙarshe suke fito da shi. Ni na fi ganin mutuncin na farkon, don bai kamata mutum ya gayyato dangi sannan takarda ta ba shi mamaki a gabansu ba. Kafin ki yi oda, halal ne ki tambaya ko farashin ya haɗa da haraji.

Layi ɗaya ne kawai ya shafi ma'aikata, shi ne wanda aka rubuta service charge, wato kuɗin hidima. Ba kowane gida ke sa shi ba. Masu sawa sukan sa kashi 5 ko kashi 10, wasu kuma sai tebur ya kai wani adadin mutane. Idan har yanzu takardar tana jakarki, ki duba. In akwai wannan layin, to kin riga kin biya kuɗin hidima, babu wanda zai ce kin tashi ba ki yi komai ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, Hajiya, kuma daga cikin ɗaki nake faɗa miki: kuɗin hidima asusun gidan yake fara shiga, abin da zai faru da shi bayan nan ya danganta da tsoron Allah na mai gidan. Na yi aiki a inda ake tara shi a raba wa kowa ƙarshen wata, a liƙa lissafin a bangon kicin kowa ya gani. Na kuma yi aiki a inda ake cire kuɗin kofunan da suka fashe da rigunan aiki daga ciki, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Akwai inda ma'aikata ba su taɓa jin ɗuriyarsa ba, sai dai su gan shi a takardar baƙo. A Birtaniya sai da aka yi doka a kan wannan, ta fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2024, ta tilasta wa masu gidajen abinci su miƙa wa ma'aikata tukuici da kuɗin hidima gaba ɗaya ba tare da yanke komai ba. Ina fata mu ma masu wannan sana'a a nan mu ɗora wa kanmu irin wannan ƙa'ida tun kafin a ɗora mana. Kafin nan, hanya mafi sauƙi ita ce ki tambayi yarinyar a hankali, ba a gaban manaja ba: wannan kuɗin yana zuwa muku? Yadda za ta amsa ya ishe ki.

Abin da ke shiga aljihun mai kai abinci

Kwamitin gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago da na masu ɗaukar ma'aikata ne ke yanke mafi ƙarancin ladan yini a Ghana. Ya kasance sidi 14.88 a 2023, ya koma 18.15 a 2024, sannan 19.97 a 2025. In aka lissafa na 2025 a kan kwana 27, bai wuce sidi 540 a wata ba. Manyan gidaje suna biyan fiye da haka, gaskiya, amma ba da nisan da mutum zai zata ba idan ya kalli fitilu da kujerun wurin. Sau da yawa kuɗin da tebur ɗaya ya biya a zama ɗaya ya fi albashin watan wadda ta yi masa hidima. Ga shi kuma tsadar da aka shiga a 2022, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a watan Disamba, ta cinye albashin kowa, kuma farashin da ya hau bai sauko ba.

Sai maganar hanya. Babu weta da ke haya a East Legon ko Cantonments. Daga Ashaiman suke zuwa, daga Kasoa, Amasaman, Adenta, ko daga cikin Nima da Mamobi ga masu sa'a. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce awa takwas a yini, arba'in a mako, amma a aikinmu sai baƙo na ƙarshe ya tashi, a share, a ƙirga, sannan a fita. Wanda ya tashi sha ɗayan dare ya tarar trotro, wato bas ɗin haya, ta yi wuya, dole ya hau babur ko ya haɗa kuɗi da abokan aiki su ɗauki mota ta waya. A wasu gidajen kuma idan baƙo ya sulale bai biya ba, ko aka yi kuskuren oda, daga albashin weta ake cirewa. Sidi ashirin da wani ya bari a ƙarƙashin faranti, sau da yawa ita ce kuɗin motar komawa gida a daren.

Ban faɗi wannan don in ɗora miki nauyi ba. Biyan ma'aikaci abin da zai ishe shi aikin mai gida ne, ba aikin baƙo ba, kuma ina cikin masu adawa da a mayar da Akra irin Amurka, inda mai gida zai rage albashi ya ce baƙi su cike. Duk ranar da tukuici ya zama dole, ranar ce masu gidaje za su samu hujjar daina ƙarin albashi. Na faɗa ne don ki san inda kuɗin ke zuwa idan kin bayar.

Nawa, kuma ta wace hanya

A gidan da ake zaunar da mutum a kawo masa menu, in babu kuɗin hidima a takarda kuma an kyautata miki, kashi 5 zuwa 10 na kuɗin abincin ya yi. A kan kuɗin abincin za ki lissafa, ba a kan jimlar da haraji ya kumbura ba. Idan takarda ƙarama ce, ba sai an tsaya lissafi ba, a cike ta kawai: abincin sidi 185, a ba da 200 a ce a riƙe. Idan takarda ta yi nauyi, kamar taku ta mutum goma sha ɗaya, ba dole sai an kai kashi goma ba. Sidi 50 zuwa 100 a hannun yarinyar abu ne da za ta yi godiya a kai har zuciyarta. In kuma akwai kuɗin hidima, kin fita, sai dai in kin ga dama ki ƙara mata 10 ko 20 tata ta kanta. Waɗannan adadin na yanzu ne, kuma darajar sidi ba ta zama wuri ɗaya, don haka ki riƙa auna su da kuɗin mota: abin da zai kai mutum gida ya dawo da shi, ya yi ma'ana.

A wuraren shan kofi da ake zuwa kanta a yi oda a ɗauka da kai, irin na cikin Accra Mall ko Kumasi City Mall, ba a jiran komai. Wasu suna ajiye kwalba ko ɗan akwati a gaban kashiya, mai so ya jefa canji. Wanda ya kamata ya tuna da su shi ne mai zuwa da kwamfuta ya riƙe tebur awa uku a kan kofi ɗaya, yana shan wutarsu da intanet ɗinsu. Mai shayi na bakin titi kuwa, da mai fura da mai masa, kuɗinsu kawai suke so, sai kuma a biya bashi a kan lokaci.

Hanyar bayarwa ta fi adadin muhimmanci, kuma nan ne biyan MoMo da kati ya kawo matsala. Da can da ake biya da takardar kuɗi, canji yakan dawo a faranti, mutum ya ɗauki wani ya bar wani, abin yana faruwa da kansa. Yanzu lambar da ake ba ki ta kamfani ce, na'urar kati ma asusun kamfani take zubawa. Idan kika ƙara sidi 50 a kan lambar gidan, sai kashiya ta lura, ta gaya wa manaja, manaja ya yarda, sannan a fitar a ba yarinyar. A kowace gaɓa kuɗin yana iya maƙalewa, ba lallai da mugunta ba, wani lokaci mantuwa ce kawai ta daren da aiki ya yi yawa. Shawarata ita ce ki biya takarda ta waya, tukuici kuma ki ba da shi tsaba, hannu da hannu. Duk mai fita cin abinci ya riƙe 'yan goma-goma da ashirin-ashirin a jaka, don takardar 100 da ta 200 da aka fito da su a 2019 ba sa taimako a nan. In babu tsabar, ki tambaye ta lambarta ta kanta ki tura. Tun da aka soke harajin tura kuɗi ta waya a watan Afrilun 2025 abin ya yi sauƙi, sai dai ki tuna za a cire mata wani abu wurin cirewa.

Ki naɗe kuɗin, ki miƙa da hannun dama, ki haɗa da sannu da aiki. Kada a ɗaga shi sama tebur ya gani, kada a jefa a faranti mai miya, kada kuma a bar shi a tebur a fita, don ba lallai wadda ta yi hidimar ce za ta kwashe kwanukan ba. Wasu gidajen suna da dokar a zuba duk abin da aka samu a akwati ɗaya a raba har da 'yan kicin. Ni wannan tsarin nake bi, saboda na san zafin bayan gida: mai wanke-wanke da mataimakin kuku suna tsaye a gaban wuta da ruwan zafi tun rana, babu baƙon da ke ganin fuskarsu balle ya ba su. Idan abincin ne ya burge ki fiye da hidimar, kina iya cewa wannan na 'yan kicin ne, za a kai musu.

A gidajen abincin unguwa akwai wani abu da ya kamata a kula. 'Yan matan da ke taya mai tuwo ko mai waakye aiki, da yawansu daga arewa aka kawo su, a hannun uwar ɗakin suke kwana suke tashi. Idan aka ba irin wannan yarinya kuɗi a ɓoye, aka gan shi a jikinta daga baya, ana iya cewa daga cikin ciniki ta ɗauka. Gara a ba ta a gaban uwar ɗakin, a faɗa da baki cewa wannan nata ne.

Abin da ke damuna a cikin al'adar

Tukuici yana da illar da mu na ciki muka fi kowa sani. Yana koya wa ma'aikaci auna mutane tun daga ƙofa. Bature ko mai magana da harshen Amurka ya shigo, a ruga a tare shi. Dattijo ya shigo da jalabiya da hula, ko Hajiya da mayafi da 'ya'ya da jikoki, a bar su suna ɗaga hannu, don an yanke cewa waɗannan ba sa bari. Na ga ana yi wa mutanenmu na zango haka, kuma ba na yarda da shi a inda nake da iko. Duk sabon ma'aikaci ina gaya masa cewa farashin da ke menu ya haɗa da ladabi, kowa ya biya shi ya sayi hidima cikakkiya. Wanda na kama yana zaɓen tebur, ko yana tsaye a kan baƙo yana jan ƙafa da canji don a ce ya riƙe, zai ji daga gare ni. Canjinki naki ne har sai kin ce a riƙe.

Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai baƙin da ke mayar da tukuici abin wulaƙanci. Wani zai yi ta kiran ma'aikaci da tsaki da tafi, ya sa yaro ya yi sawu goma a kan abin da zai iya faɗa sau ɗaya, yana ganin sidi hamsin ɗinsa ta saya masa wannan. Mafi muni su ne mazan da ke ba 'yan mata kuɗi sannan su biyo da neman lambar waya, yarinya ta rasa yadda za ta ƙi don tana tsoron a kai ƙararta. Wannan ba kyauta ba ce. In da za a tambayi yarana su zaɓa tsakanin mai sakin fuska da bai bar komai ba da mai ba da ɗari yana zagi, na san amsar mafi yawansu, don shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A watan azumi ma sai a ƙara tausayi, da yawa cikin masu ɗauko muku abincin buɗa-baki su ma da azumin a bakinsu, kuma sai kowa ya ci sannan su samu su kurɓi ruwa.

Wasu sukan tambaye ni ko abin bai shiga cin hanci ba. Ni ba malami ba ne, fatawa ta malamai ce, kuma a Kumasi ba ki rasa waɗanda za ki tambaya ba. Abin da zan iya bambancewa a aikace shi ne lokaci da manufa. Abin da aka bayar bayan an gama hidima, da daɗin rai, ba don a samu wani abin da ba a cancanta ba, kyauta ce. Abin da aka cusa wa ma'aikaci tun farko don ya tsallake da kai layi, ko ya ƙaro nama a ɓoye daga kayan mai gida, ko ya cire wani abu daga takarda, wannan cin amanar mai gida ne, da mai bayarwa da mai karɓa duk sun shiga ciki. Hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe kuwa, da mu masu ɗaukar ma'aikata yake magana kafin kowa.

Idan hidimar ba ta yi kyau ba

Ba a ba da tukuici don kunya. In an yi miki sakaci ko rashin ladabi, ki biya takardarki ki riƙe sauran kuɗinki. Sai dai ki duba inda laifin yake kafin ki yanke. Jinkirin abinci galibi daga kicin ne, ko wuta ta ɗauke, ko oda ta taru a kan kuku biyu. Gishiri ya yi yawa, wannan ma ba hannun weta ba ne. Abin da ke wuyanta shi ne ta rubuta oda daidai, ta sanar da ku idan za a daɗe, ta leƙo ba sai an yi ta nemanta ba, ta kawo takarda ba kuskure. In ta yi waɗannan, kicin ya makara, ba ita ya kamata ta ɗauki hukuncin ba.

Tashi shiru ba a bar komai ba kuma ba ya gyara komai, domin yarinyar za ta ɗauka dai irin baƙin da ba sa bayarwa ne. Ki kira manaja gefe ki gaya masa abin da ya faru, ba da ɗaga murya ba. Idan an sa kuɗin hidima a takarda alhali hidimar ta lalace, ki nemi a cire shi. Gidaje da yawa za su cire, musamman in ba a rubuta shi a menu tun farko ba. Haraji ne kawai manaja ba shi da ikon taɓawa, kuma a kansa ki tabbata an ba ki rasit na gaskiya mai ɗauke da sunan gidan da lambar harajinsa, ba wata 'yar takarda da aka rubuta da biro ba.